Yadda ake tsare yara daga cin zali da haɗari a lakwal: matakai ga iyaye da malaman Maradi

Yaron da ake ci wa zali a lakwal da wuya ya zo gida ya faɗa da bakinsa. Abin da uwa za ta gani shi ne ciwon ciki kowace safiya in lokacin tafiya ya yi, ko riga ta dawo a yage, ko bik da kaye suna ɓata kullum, ko yaro ya dawo da yunwa alhali an ba shi dala ashirin na abinci. Uba kuma ya ce lalaci ne, ya kora shi da tsawa. A haka wasu ke barin karatu tun kafin su kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ana cewa ba su da kan boko, alhali tsoro ne ya kore su.

Rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ƴan uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara abin ya kai kashi 48 cikin ɗari. Ba mu da dalilin zaton lakwal ɗinmu na unguwannin Zariya ko Bagalam ko Sura Bildi sun fita daga cikin wannan lissafi. Sai dai cin zali yana da wurin da ake yin sa da lokacin da ake yin sa, kuma kusan kullum inda idon babba ba ya kaiwa ne. Shi ya sa yawancin maganinsa yana hannun darekta da malamai, da kwamitin kula da makaranta na CGDES wanda har yau da yawa ke kira COGES, da ƙungiyar iyaye ta APE, da ta uwaye wato AME. Ga yadda za a bi.

Mataki na 1: A yarda a kan abin da ake kira cin zali

A zauna taro ɗaya, malamai da wakilan iyaye, a tsayar da magana guda. In ba a yi haka ba, duk ƙarar da ta zo wani zai ce "ai wasan yara ne". Dan Olweus, masanin da ya fara bincike mai zurfi kan wannan tun shekarun 1970 kuma ya yi aikinsa a Norway, ya ba da alamomi uku: ana yi da niyyar cutarwa, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Ƙarfin na iya zama na jiki, ko na shekaru, ko na yawan abokai, ko na kuɗin gida. Yara biyu sa'o'in juna da suka yi dambe a kan ƙwallo faɗa suka yi, a raba su a yi musu faɗa. Ɗan CM2 da ke tare ɗan CP kullum yana karɓe masa kuɗi, wannan cin zali ne.

Mu nan muna da taubasantaka, wadda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, kuma yara kan fake da ita. Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare, in suna wasansu kowa yana da bakin ramawa, kuma a ƙarshe duka biyu ke dariya. Ranar da ɗaya ya yi shiru ya sunkuyar da kai, sauran suna dariya a kansa, wasa ya ƙare. A koya wa yara wannan ma'auni, suna gane shi da sauri.

A jera ire-iren a allo da Hausa: duka da tunkuɗa, ƙwace, laƙabin banza, gorin talauci ko na asali ko na sana'ar uba, kwaikwayon mai in'ina ko mai ɗingishi, ware mutum a hana kowa zama kusa da shi, taɓa jikin yarinya, yaɗa hoto ko magana a waya.

Mataki na 2: A tambayi yara inda abin ke faruwa

Malamai ba su san taswirar tsoro ta lakwal ɗinsu ba, yara ne suka sani. A zana makarantar a babbar takarda: azuzuwa, ƙofa, famfo ko randa, makewayi, gindin bedi, wurin masu sai da abinci, hanyoyin da ake bi zuwa gida. Kowane yaro ya shigo shi kaɗai ya ɗiga alama inda ba ya son zuwa. Maza daban, mata daban, domin amsarsu ba ta zama ɗaya. Daga CE2 zuwa sama a ƙara da ƴar takarda marar suna mai tambaya uku: an taɓa cin zalinka a wannan wata? A ina? Ka gaya wa wani babba? Wanda ba malamin ajin ba shi zai tattara.

Kada a nemi sunan kowa a wannan karo. Ranar da yara suka ga takardar ta jawo wa wani bulala, ba za su sake rubuta gaskiya ba.

Mataki na 3: A sa babba a kowane wurin da alamomi suka taru

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar lakwal ita ce hutun ƙarfe goma, lokacin da malamai duka ke taruwa a inuwa ɗaya suna hira, ɗaruruwan yara kuma suna fili su kaɗai. Ban ga laifin malamin da ya sha fama da aji mai yara tamanin yana son ya huta ba. Abin da ake bukata juyi ne: darekta ya rubuta wa ke tsaye a ina, wace rana, a manna a ƙofar ofis. Mutum biyu kowace rana sun isa ƙaramar makaranta, ɗaya wajen makewayi da bayan azuzuwa, ɗaya wajen ƙofa da masu abinci. Ya riƙa zagayawa, ya bar waya a aljihu.

Uwayen AME na iya karɓar tsaron makewayin ƴan mata. Matan da ke tuya ƙosai da fanke a bakin ƙofa sun fi kowa sanin wa ke ƙwace wa wa, domin a gabansu ake yi. A gaishe su da girmamawa, a ce: "Inna, in kin ga wani babba yana karɓe wa ƙarami kuɗi, ki gaya wa Madam wance a ɓoye, ba za a ambaci sunanki ba." Lokacin tashi kuma a saki ƴan CI da CP minti biyar zuwa goma kafin manya, kada a matse su a ƙofa. Yaran unguwa ɗaya su tafi rukuni, a ɗora wa babba mai hankali nauyin ƙanana. Inda lakwal ke bakin kwalta, wani ya tsaya ya tsallakar da yara, domin ƴan kabu-kabu ba sa rage gudu don sun ga ɗan makaranta.

Mataki na 4: A duba ginin kansa, musamman ajin zana

Babu mutumin Maradi da ke bukatar a tuna masa ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a cikin garin nan, yara aƙalla 25 masu shekara biyar zuwa shida suka rasu. Watanni kaɗan kafin nan, a Afrilu, yara 20 sun rasu a irin wannan gobara a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Bayan gobarar Maradi gwamnati ta hana sa yaran rainon farko, wato ƴan jardan, a ajin zana a duk faɗin ƙasa. Amma zana ba ta ƙare a makarantunmu ba, domin yara sun fi gine-gine yawa, don haka kowane kwamiti ya yi abin da ke hannunsa.

Ƙananan yara su ne za a ba ajin siminti, manya su zauna a zana. Sau da yawa ana yin akasin haka don ƴan CM2 suna da jarrabawa, kuma wannan kuskure ne: ɗan shekara goma sha biyu zai iya ratsa zana ya fita da gudu, ɗan shekara shida ruɗewa yake yi ya tsaya yana kuka. Kowane ajin zana ya kasance da mafita biyu masu faɗi, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma kada a jera teburi a bakinsu. A bar tazara tsakanin rumfa da rumfa, kada a haɗa su da zana ɗaya, domin da hunturu iska na kai wuta daga wannan zuwa waccan kafin a ɗebo ruwa. Murhun masu tuya, kona shara, da wayar lantarki da aka ja ta cikin kara, duk su yi nesa. A aje bokitin yashi da jarkar ruwa cike a kusa da kowane aji, a sa wanda zai duba su kowace Litinin. A bincika jakunkuna lokaci lokaci saboda ashana da burike.

Sai atisaye, kuma shi ne abin da aka fi watsarwa. Sau ɗaya kowane zango a busa usur ba tare da sanarwa ba: yara su bar jaka da takalmi, su fita layi ta mafita mafi kusa, su taru a wuri ɗaya da aka sani, malami ya kira suna da rajista. A koya musu cewa in riga ta kama wuta ba a gudu, a kwanta a yi birgima a ƙasa. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta ake ta zuba mata kamar minti ashirin, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba, sannan a kai yaro asibiti. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. A rubuta su da manyan baƙi a bangon ofis.

Makewayi ma yana cikin tsaro. Na mata daban, na maza daban, da ƙyaure mai sakata daga ciki, ƙofarsa tana kallon fili. Yarinyar da ta fara al'ada, in makewayin ba shi da ƙyaure kuma samari na leƙe, gida za ta zauna kwanakin nan. In babu kuɗin katanga, a fara da shingen itatuwa ko waya, don a san ƙofar shiga ɗaya ce kuma a san wanda ya shigo.

Mataki na 5: A buɗe wa yaro hanyar kai ƙara

A zaɓi mutum biyu, mace da namiji, waɗanda yara ke sakin jiki da su. Ba lallai darekta ko sirbeyan ba, tunda su ake tsoro. A gabatar da su a gaban tuta, a faɗa da Hausa cewa duk wanda ke da damuwa ya same su. A ƙara da akwati mai kwaɗo a wurin da yaro zai iya jefa takarda ba a lura ba, a riƙa buɗe shi sau biyu a mako. Akwatin da ba a buɗewa gara babu shi.

Yadda babba ya karɓi maganar farko shi ke sa yaro ya dawo ko ya yi shiru har abada. A ja shi gefe, a zauna daidai tsayinsa. "Ɗiyata, zauna nan. Kin kyauta da kika zo. Gaya mini abin da ya faru, ba na sauri." A bar ta ta gama. Kada a ce "ke me kika yi masa?", kada a ce "ki yi haƙuri" a sallame ta, kada a ce wa namiji "kai ba namiji ba ne, ka rama mana". A gaya mata abin da za a yi da wanda za a sanar, domin kada ta ji an tona mata asiri. Sannan a rubuta a kaye na musamman da ke kulle a ofis: rana, wuri, abin da aka yi, matakin da aka ɗauka.

A sa ido sosai kan waɗanda aka fi kai wa hari: baƙon da ya zo daga ƙauye yana zaune gidan dangi, mai naƙasa, zabiya, maraya, wanda ya girmi ajinsa ko ya fi kowa ƙanƙanta, da ɗiyan ƴan gudun hijirar da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji da Madarunfa tun 2019.

Mataki na 6: In ƙara ta zo, ga jerin yadda ake bi

A fara da wanda aka zalunta, a tabbatar ya isa gida lafiya a ranar. Sannan a ji shaidu ɗaya ɗaya. Sannan a kira wanda ake tuhuma shi kaɗai. In su da yawa ne, ɗaya bayan ɗaya a rana guda, kada su samu damar haɗa baki. A yi masa magana kan abin da ya aikata: "Ɗana, ranar Talata a bayan ajin CE1 ka karɓe wa wane kuɗinsa ka mare shi. Wannan ba a yin sa a nan. Yaya za ka gyara?" Ya mai da abin da ya ƙwace, ya biya abin da ya ɓata, a canja masa wurin zama, a ɗora masa aiki mai amfani a makaranta.

Abin da na fi roƙon malamai su bari shi ne tsayar da su biyun a gaban aji a ce su yi musabaha. Wanda aka zalunta zai miƙa hannu don tsoro, a hanyar gida kuma a rama masa kai ƙarar da ya yi. Sulhu yana da kyau tsakanin sa'o'i da suka yi faɗa. A cin zali, sai wanda aka cuta ya yarda da kansa.

Iyaye kuma a kira su daban daban. Uban mai laifi yakan zo da ɗaya daga cikin biyu: ko ya ce ɗansa ba zai yi haka ba, ko ya zare bel tun a ofis. A tare shi da lalama: "Alhaji, ba mu kira ka don mu kunyata ka ba, so muke mu haɗa hannu tun abin bai girma ba." A tambaya ko akwai abin da ke damun yaron a gida, domin da yawa cikin masu dukan ƙanana su ma ana dukansu, wasu kuma a kolej sun fara taɓa tiramol. Bayan mako ɗaya a sake kiran wanda aka zalunta a tambaye shi ko an daina, bayan wata ɗaya a sake. Wannan bibiyar ita ke nuna wa mai laifi cewa ba a manta ba.

Akwai abin da ya wuce ƙarfin lakwal. Rauni mai tsanani, wuƙa, ko lalata da yarinya ko yaro, ko ɗalibi ne ya yi ko malami, ba a gama shi a zaure don gudun kunya. A kai yaro CSI, wato likitar unguwa, ko asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau bayan fyaɗe cikin awa 72 ne yake aiki. A sanar da ƴan sanda ko jandarma. Kotu tana da alƙalin yara. Dokar gwamnati mai lamba 2017-935 ta 5 ga Disamba 2017 an yi ta ne don kare ɗiya mace da tallafa mata ta ci gaba da karatu, kuma darekta ya kamata ya san abin da ke cikinta.

Mataki na 7: Malamai su duba nasu hannun

Yaro na koyon yadda ake amfani da ƙarfi daga wanda ya fi ƙarfi a ajin. Mushen da ke kiran ɗalibi jaki, ko ya sa aji duka su yi wa wanda ya faɗi lissafi ihu, ya riga ya nuna wa sauran wanda za su taka a fili. Haka al'adar barin shef ɗin aji da tsumagiya yana rubuta sunan masu surutu: da yawa sun mai da ita kasuwa, ka ba ni ƙosanka in goge sunanka. A karɓe tsumagiya daga hannun kowane ɗalibi, a riƙa juya shugabancin aji, kuma kada malami ya hukunta kowa a kan takardar shef kawai. Akwai horon da ba duka ba: hana fita wasa na ɗan lokaci, shara, ban ruwan itatuwa, kiran iyaye. Aji ya tsara dokokinsa biyar ko shida tare da malami, a rubuta a manna, kowa ya sa hannu.

Mataki na 8: A yi aiki da ƴan kallo

Mai cin zali ƴan kallo yake nema. Shirin KiVa da Jami'ar Turku ta ƙasar Finland ta tsara, wanda aka yaɗa a makarantun ƙasar daga 2009, a kan wannan ya ginu: in masu kallo suka daina dariya, ribar mai zalunci ta ragu. Ba a ce yaro ya shiga dambe ba. A koya masa abubuwa uku da zai iya: kada ya yi dariya, ya kira babba, ya je ya zauna kusa da wanda aka ware. A yi ɗan wasan kwaikwayo a aji, a juya matsayi, mai ƙarfi ya fito a wanda ake tsangwama. A bambanta musu gulma da ceto, domin tsoron a ce masa munafuki ne ke rufe bakin yaro. Malaman addini na unguwa za su taimaka a nan. Hadisin da ya ce a taimaki ɗan uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, taimakon azzalumi kuwa shi ne a hana shi zalunci, yara da yawa sun san shi daga islamiyya. Alhamis ta farko a watan Nuwamba ita ce ranar da UNESCO ta keɓe don yaƙi da cin zali a makarantu, ta kuma zo daidai farkon shekarar karatu, sai a yi amfani da ita.

Mataki na 9: Waya

A kolej da lise abin ya koma WhatsApp da TikTok. A gaya wa ɗalibai: wanda aka zaga ko aka yaɗa hotonsa kada ya mai da martani, ya ɗauki hoton saƙon ya aje shaida, ya nuna wa babba. Wanda ya tura gaba shi ma yana cikin laifin, kuma Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Iyaye kada su ƙwace wayar wanda aka zalunta, in ba haka ba gobe ba zai faɗa ba.

Mataki na 10: A sa shi cikin tsarin shekara, a sake aunawa

Duk abin da aka yanke a shigar da shi cikin tsarin aikin CGDES na shekara, da sunan mai ɗaukar nauyi da kuɗin da zai ci: sakata, bokiti, jarka, kwaɗo, usur, kaye. Yawancinsu ƴan jikkuna ne da gudummawar iyaye za ta ɗauka. A babban taron iyaye a karanta dokokin da Hausa, a gaya musu alamomin da za su lura da su a gida, a roƙe su su canja tambayar da suke yi wa yaro daga "nawa ka ci?" zuwa "da wa ka yi wasa yau, wa ya ɓata maka rai?".

Ƙarshen kowane zango a sake fito da taswira da ƴar takardar nan marar suna, a gwada da ta baya. In ƙararraki sun ƙaru a zangon farko kada a karaya, sau da yawa alama ce yara sun fara yarda su yi magana. Abin dubawa shi ne tambaya ta uku, wato ko adadin waɗanda suka gaya wa babba yana hawa. Wurin da alamomi suka sake taruwa a taswira kuma, a mai da mai tsaron ranar can tun Litinin ta farko bayan hutu.